Shatin Yatsu a Kuncin Tanya

Dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan rufin gidajen ƙauyenmu na tsaunukan Rodopi ba, safiyar da Bilyana ke tsakar gida tana faskare da hannuwan da sanyi ya farfasa, tana jiyo kukan 'yarta Tanya daga ɗaki amma babu halin ta ajiye gatari. Doka ce a gidan, sai an cika kwandon itace kafin ta je ga jaririyar. Wayyo, yarinyar nan ta sha wuya! Tana sara tana waiwayen taga, hawaye na daskarewa a fuskarta, har sai da yayar mijinta, Dafina, ta fito daga ɗakin cuku da hannuwa sharkaf da ruwan madara, ta shiga ta sungumo jaririyar, ta kawo ta dangwara mata a ƙirji tana cewa ta rufe wa abin nan baki, kukanta zai sa saniya ta ƙi ba da nono. Bilyana ta ce to, Yaya, ta shige ɗaki da 'yarta. Ba ta daɗe da zama ba sai ta ga kuncin Tanya ya fara ja, ya tasa, ga shatin yatsu nan raɗau kamar an zana, wani kuma a cinya. Kafin ta gama kiɗimewa sai ga Dafina a bakin ƙofa tana ƙwala wa uwarta kira.

Bilyana marainiya ce, a gidan marayu na birni ta tashi, ba ta san fuskar uwa ba balle ta uba. Radko ya gan ta tana aiki a gidan burodi, ya so ta, ya aure ta, ya kawo ta gidansu, sannan ya koma kan babbar motar da yake ja zuwa Jamus, sai ya yi watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Gidan kuwa a hannun Dafina yake. Tun da aurenta ya mutu ta dawo ta riƙe shanu da ɗakin cuku, ta riƙe har da tunanin uwarsu, tsohuwa Stoyna, wadda ba muguwa ba ce, sai dai duk inda 'yarta ta juya ta nan take fuskanta. Tun ranar farko Dafina ta yanke cewa hannun 'yar gidan marayu ba zai taɓa madararsu ba, wai zai tsinka musu kindirmo. Aikin Bilyana shi ne itace da kashin shanu da wanki, abincinta wake da dankali, cuku da man shanu kuwa sai dai ta ji ƙamshinsu.

Da tsohuwa Stoyna ta zo ta ga kuncin jikarta, wadda aka raɗa wa sunanta amma ake mata laƙabi da Tanya, sai ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. Bilyana ta durƙusa ta rantse da Ubangijin da ya halicce ta cewa ba ta taɓa ɗaga wa 'yarta hannu ba, amma wa zai saurare ta?

"Lafiya lau na miƙa miki ita, Mama ma shaida ce," in ji Dafina. "Ai dama na faɗa. Wanda aka raina da mari, da mari zai yi raino. Ina za ki san tausayin uwa, ke da aka tsinto a bakin ƙofa?"

Tsohuwa ta karɓe jaririyar, ta yi abin da kowace kaka a ƙauyenmu take yi idan fata ta yi zafi, wato ta ɗebo kindirmo mai sanyi ta lafta mata a kunci da cinya. Mu dai a wajenmu kindirmo maganin komai ne, ƙuna, zafin rana, cizon ƙwaro, har ɓacin rai ma ina jin da za a iya shafa masa da an shafa. Sai wurin ya ƙara yin ja, ya bazu har wuya, Tanya ta dinga tsala ihu tana murza fuska. Dafina ta ce to ga shi nan, dukan ya shiga jiki sosai, shi ya sa ko kindirmo ya kasa.

Haka aka shiga wani irin zama mai ɗaci. Shatin ya ɓace kafin la'asar, ya sake fitowa bayan kwana biyu, yau a hannu, gobe a baya, kuma kullum sai yarinyar ta dawo hannun uwarta yake bayyana. Ga kuma wata sabuwa... lokacin fara ba ta abinci ya yi, kaka ta jiƙa burodi da madara da ɗan cuku kamar yadda aka ciyar da kowa a gidan, Tanya na haɗiyewa sai amai, leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Dafina ta ce nonon uwar ne ya lalace saboda baƙar zuciya, shi ke hana abinci zama. Sau ɗaya tak Bilyana ta yi ƙarfin hali ta ce, "Mama, ni fa gani nake kamar madarar ce ba ta karɓe ta ba." Kai, da ta sani da ta yi shiru! A kwarin nan namu, ka zagi saniyar mutum ka zagi kabarin kakansa. Tsohuwa Stoyna da kanta ta miƙe tsaye, ta ce da madarar nan ta raini Radko har ya zama ƙato, da ita uban Radko ya kai shekara tamanin, yau kuma amaryar da aka ɗauko ba ko akwati ita ce za ta ce guba suke tatsa. Ranar ko waken ma ba a ba Bilyana ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Radko. Dafina ta riƙa ɗaukar hoton shatin tana tura masa a waya, shi kuwa yana can gefen hanya a ƙasar mutane, ba barci ba hutu, yana kallon kuncin 'yarsa da alamar yatsu. Da farko ya ce ƙarya ne, Bilyanarsa ba za ta aikata ba. Daga baya muryarsa ta fara sanyi, yana tambayarta ko gajiya ce ta yi mata yawa, ko hannunta ne ya kuɓuce ba da niyya ba. Wannan tambayar ta fi duk zagin Dafina ciwo. Ranar Lahadi Bilyana ta tafi coci, ta kunna kyandir, ta tsaya a can baya don matan ƙauye sun fara matsawa idan ta zo kusa, ta ce, "Ya Ubangiji, ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da mai tsaya mini. 'Yar nan kaɗai ka ba ni a duniya. In laifina ne ka nuna mini, in ba nawa ba ne kada ka bari a raba mu."

Ba a yi mako ba sai ga mota daga birni, da wata mata daga ofishin kare yara. Dafina ce ta kira su, kuma ba ta ɓoye ba, har da tara maƙwabta a bakin shinge su ga yadda za a ƙwace jaririya daga hannun azzaluma. Matar ta duba hotuna, ta saurari kowa, ta ce doka ta ce sai likita ya duba yarinyar tukuna, in an tabbatar da duka to za a raba ta da uwar, a damƙa ta ga dangin uba. Dafina har ta fara gyara gadon jaririya a ɗakinta. Bilyana ta shiga motar da Tanya a ƙirji, ta ƙanƙame ta, duk tsawon hanyar da ke gangarowa daga dutse tana shinshinar kan yarinyar tana kuka.

A asibitin birni suka sami Dokta Mileva, likitar yara, wata gajeriyar mata mai furfura da ba ta son dogon surutu. Ta tuɓe Tanya, ta juya ta gaba da baya, ta ɗaga hotunan ta ƙura musu ido, sannan ta tambayi Bilyana kwana nawa shatin yake yi kafin ya baje. Bilyana ta ce ai ba ya kwana, da safe ya fito, da yamma babu shi. Likita ta tambaya ko yana yin baƙi ko shuɗi daga baya, ta ce a'a. Sai Dokta Mileva ta juya ga matar ofishin ta ce ita dai tun da take aiki ba ta taɓa ganin duka mai tafiya hutu da yamma ba, jinin da ya taru ƙarƙashin fata sai ya yi kwanaki yana sauya launi, wannan kuwa ya fi kama da borin jini. Daga nan ta shiga tambaya dalla-dalla: me yarinyar ke ci, wa ke ɗaukarta, me mai ɗaukar ke taɓawa kafin nan, me ake shafa mata. Da Bilyana ta ambaci kindirmo sai likitar ta rufe ido ta girgiza kai.

Ta ce za a ɗebi jinin yarinyar a aika birnin Plovdiv a auna. Ta bayyana wa Bilyana da sauƙi cewa akwai yaran da jikinsu ke ɗaukar wani sinadari na cikin madarar saniya a matsayin abokin gaba, sai ya tara masa mayaƙa a cikin jini, su ne ke tayar da fata da kumbura leɓe da zarar madara ta taɓa su, kuma awon zai nuna ko mayaƙan nan suna nan. Bilyana ce ta riƙe hannun 'yarta da kanta aka soka allurar. Tanya ta callara ƙara, jinin ya gangara cikin 'yar kwalba, uwar kuwa ta kafe kwalbar da ido har aka fita da ita, don ta san duk rayuwarta tana ciki.

Aka kwantar da su tare a asibiti kafin sakamako ya dawo, ba madara, ba cuku, sai nonon uwa da dankali da karas da aka dama. Ikon Allah, fatar Tanya ta yi sumul, amai ya tsaya, har ta fara dariya tana kama gashin masu jinya. Da labari ya kai ƙauye Dafina ta taɓe baki ta ce ai dole, wa zai yi duka a gaban ma'aikata? Kwanakin nan sun yi wa Bilyana tsawo ƙwarai. Duk takun da ta ji a baranda sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka an zo karɓar 'yarta ne.

Ranar da sakamako ya iso, Radko ya dawo, ya zo asibitin tare da uwarsa da yayarsa, ya tsaya jikin bango ya kasa haɗa ido da matarsa. Dokta Mileva ta ce jinin ya nuna abin da take zato, kuma ba kaɗan ba, in aka haɗa da yadda yarinyar ta warke da aka janye madara to babu sauran shakka. Ba wanda ya doki Tanya. Hannu ne mai ruwan madara yake ɗaukarta, bayan ɗan lokaci wurin da ya taɓa ya tashi. Ta hana madarar saniya da ta tunkiya da ta akuya, da cuku, da man shanu, da kindirmo a ci ko a shafa, ta ce duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke ta. Ta ba Bilyana wata allurar gaggawa, ta koya mata yadda ake danna ta a cinya in numfashi ya sarƙe, ta kuma kwantar mata da hankali cewa yara da yawa suna rabuwa da wannan larura kafin su shiga makaranta, za a riƙa maimaita awon ana gani. Bilyana ta sulale ƙasa ta rufe fuska, kukan da ta yi ranar na daɗi ne. Radko ya durƙusa gabanta a gaban kowa yana neman gafara.

Da a ce Dafina mai hankali ce da nan ta tsaya. Ina! Tun a mota ta fara, wai likitocin birni sun saba ƙirƙiro cuta, wai jini ja ne kawai, me zai faɗa, wai jikar Stoyna ba za ta ƙi madara ba sai dai in ba jinin gidan ba ce. Radko ya daka mata tsawa ta yi shiru, amma a ƙauye ta ci gaba da bi gida-gida, har mutane suka rabu biyu, don gaskiya da wuya mutumin kwarinmu ya yarda cewa madara na iya cutar da ɗan Adam.

Haka aka kai ranar Waliyyi Georgi, bikin makiyaya, ranar da ake gasa rago a filin coci, a shimfiɗa tebura a kan ciyawa, a kawo madarar farko ta bazara kowa ya kurɓa don albarkar shekara. Gari duka ya hallara. Bilyana ta zauna a ƙarshen tebur da Tanya a cinya, sai fada, limamin cocin, ya kira ta ta karɓi burodin albarka, ta miƙa yarinyar ga Radko, shi kuma wani abokinsa ya ja shi da hira. Dafina, wadda ita ce ke zagayawa da ƙwaryar madarar, ta ajiye ta, ta zare yarinyar daga hannun ƙanenta tana murmushi.

"Ku matso ku gani, jama'a," ta ce da ƙarfi. "Yau zan nuna muku ƙaryar likita da ta 'yar tsintuwa."

Kafin Radko ya juyo ta matse kumatun Tanya da hannunta da ya jiƙe da madara, ta ɗura mata cokali guda. Ta ɗaga ta sama tana dariya, tana cewa ga ta nan, me ya same ta? Na ɗan lokaci kam babu abin da ya faru, har wasu suka fara gyaɗa kai. Sai yarinyar ta fara tari... leɓenta ya haye, idanunta suka kumbura, numfashinta ya koma wani siririn fito mai tayar da hankali. A kumatunta kuwa, daidai inda Dafina ta matse, shatin yatsu ya taso ɓaro-ɓaro, babban yatsa a gefe guda, sauran a ɗaya gefen, a gaban idon ƙauye duka, alhali uwar tana can nesa da burodi a hannu.

Bilyana ta watsar da burodin ta keto taron. Marainiyar nan da ba ta taɓa ɗaga murya a gidan ba ta fizge 'yarta, ta kwantar da ita kan tebur, ta zaro allurar daga aljihun rigarta ta danna mata a cinya, ta ce da Radko ya tayar da mota. Sai da suka hau hanya, numfashin Tanya ya fara buɗewa, ta fashe da kuka mai ƙarfi, sannan uwar ta tuna da nata kukan. A filin coci kuwa jama'a suka juyo suka zuba wa Dafina ido. Dafina na tsaye da cokali a hannu, ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwa Stoyna ta dube ta ta ce, "Hannunki ne. Tun farko hannunki ne, da nawa. Ni lokacin da na shafa mata ban sani ba, ke kuwa yau an riga an gaya miki." Ta zauna a kan ciyawa ta ɗora hannu a ka.

Tanya ta kwana biyu a asibiti ta tashi garau. Matar ofishin kare yara ta sake hawowa ƙauye, amma wannan karon ba wajen Bilyana ta zo ba. Shaidu sun fi a ƙirga, har fada ya ba da tasa, aka kai maganar gaban hukuma, aka haramta wa Dafina kusantar yarinyar. Radko ya ce gida ɗaya ba zai ɗauke su ba. Dafina ta haɗa kayanta ta sauka birni wajen wata 'yar uwarsu, kuma safiyar da ta tsaya jiran bas a dandali, matan da ta bi gida-gida tana zuga su suna zaune a bakin shago, babu wadda ta ɗaga kai ta yi mata sallama. Ni dai ban ji tausayinta ba, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba.

Radko ya bar tuƙin ƙasashen waje ya kama aikin katako kusa da gida. Maƙwabta suka fara aiko wa Bilyana da zuma da tuffa, kowa na cewa shi dama bai taɓa yarda da zancen ba, ita kuwa sai ta yi murmushi ta karɓa ta yi godiya. Tsohuwa Stoyna ce kaɗai ba ta zo ba. Kunya ta hana ta, ta koma kwana a ɗan ɗakin da ke jikin garke, tana tatsar shanunta ita kaɗai, in ta hango jikarta a tsakar gida sai ta juya baya tana share ido.

Wata safiya Bilyana na zaune a bakin ƙofa tana ba Tanya dankali sai ga tsohuwar ta taho a hankali. Ta sauya riga, ta naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, fatar hannuwanta ta yi jawur saboda dirza da sabulu. Ta tsaya nesa kaɗan ta miƙo su gaba, tafi da baya, kamar yarinyar da malama ke duba wa farce.

"Na wanke har sau ba adadi," ta ce. "Duba da kanki, 'yata. In kin ce a'a ba zan ga laifinki ba."

Bilyana ta kama hannuwan nan biyu masu kaushi, ta juya su, ta shinshina, babu komai sai ƙamshin sabulu. Ta goge wa Tanya baki, ta miƙe, ta ɗora ta a ƙirjin kakarta. Tsohuwa ta rungume ta, su biyun suka tsaya suna kallon kumatun yarinyar, suna jira. Rana ta hau, shanu suka fara kuka a garke, Tanya ta yi barci a kafaɗar kakarta, kumatunta fes.